Tsohuwar Bindiga da Sabuwa: Wace ce ta Fi Saiti?

Maharban Talata Mafara da Bakura da Maradun, waɗanda ke bin tsuntsaye a fadamun da madatsar ruwa ta Bakolori ke shayarwa, sun fi sabawa da bindigar toka, wato harba-ka-ruga. Cikin bututunta sumul yake, shi ya sa harsashinta kan kauce da zarar ya yi nisa. A nan ta bambanta da ƙaramar bindigar Turai mai sakata, wadda ake kira .22, wadda ita ma ake muhawara a kanta: tsohuwar ƙira ta fi, ko kuwa ta zamani?

Asalin harsashinta daga Faransa ne, inda Flobert ya ƙago shi a 1845. An zuba sinadarin tayar da wuta a gefen gindin kwanson, ba a tsakiya ba. Samfurin da ya fi yaɗuwa ya fito a Amurka a 1887. Nauyinsa giram 2.6, gudunsa kuma kimanin mita 330 a daƙiƙa.

Sirrin saitin yana cikin bututu. An yi masa zane murɗaɗɗe mai kewaya sau ɗaya a kowace santimita 40, saboda haka harsashi kan fito yana juyawa kusan sau 800 a daƙiƙa. Kamar yadda katantanwar yara ke tsayawa cak muddin tana juyawa, haka juyin nan ke hana harsashi tangaɗi.

Tsofaffin ƙira, irin su Winchester 52 da ta shiga kasuwa a 1920, an yi su da ƙarfe da katako, ƙwararru kuma suka daidaita sassansu da hannu. Amma katako kan kumbura da damina, ya tsuke da hunturu, sai ya matsa bututu, saiti ya gusa. Haka kuma harsasan farkon ƙarni na 20 kan bar gishiri mai jawo tsatsa, wadda ke cinye zanen. Sababbin kuwa injuna masu aiki da kwamfuta ke yanka su, kowace daidai da 'yar'uwarta, kuma jikin roba bai damu da raɓa ba, ko da yake masu araha ba su kai na dā ƙarko ba.

Ashe ke nan shekaru ba su ne ma'auni ba. Tsohuwar da aka kula da bututunta takan yi kunnen doki da sabuwa, wadda aka bari ta yi tsatsa kuwa sai ta raunata dabba ta tsere. Harsashin da ya kuskure yana iya wuce kilomita ɗaya da rabi, alhali fadama cike take da manoma. Wannan haɗari na cikin hikimar Dokar Bindigogi ta 1959, wadda ta wajabta lasisi a kan irin wannan bindiga.