Ina Ribar Take? Lissafin Buhu Ɗaya Na Gero

Ya kai ɗalibi mai sha'awar kasuwanci, ɗauko alƙalami da takarda, ka kira Baba ko Inna su zauna kusa, domin lissafin nan na kowa ne a gida. Sau da yawa mutum yakan ga kuɗi cike da aljihu ya ce ya ci riba, alhali kuwa uwar kuɗin yake ci bai sani ba.

Mu ɗauka ka je kasuwar Dawanau ta Kano ka sayi buhun gero a kan N38,000, mai kwano 40 a ciki. Ka kawo unguwa kana sayar da kwano N1,200. Mai gaggawa zai ce 40 sau 1,200 ya ba da N48,000, a cire N38,000, riba N10,000. To, wannan shi ake kira lissafin dokin Rano.

Da farko, buhun ba da ƙafarsa ya zo ba. Ka biya kuɗin mota N1,500, ɗan dako N500. Ashe jarinka N40,000 ne, wato kowane kwano ya tsaya maka a kan N1,000.

Na biyu, ba kwano 40 za ka auna ba. Akwai gyara da kake ƙara wa masu saye, akwai wanda ya zube. Mu ce kwano ɗaya ya tafi a nan. Saura 39, sau N1,200, ya zama N46,800. Cire jari N40,000, ribarka N6,800 ke nan. In kana son sanin kashi nawa ne cikin ɗari, raba riba da jari, ka ninka sau 100. Za ka sami 17. Ma'ana, kowace N100 da ka zuba ta haifo N17.

Yanzu tambayi kanka: kwano nawa zan sayar kafin jarina ya dawo? Raba N40,000 da N1,200, za ka sami 33 da 'yan kai, wato sai ka sayar da kwano 34. Ka ga kusan duk ribar tana cikin kwano biyar na ƙarshen buhu. In ka ba da bashin kwano shida aka ƙi biya, N39,600 kawai ke hannunka, ka faɗi ke nan. Shi ya sa bashi ke karya ƙaramin ɗan kasuwa. In ya zama dole ka bayar, rubuta shi, kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta yi umarni.

Saura abu guda da ya fi ɓoyuwa, wato tashin farashi. Ka koma Dawanau ka tarar buhu ya kai N43,000. Da mota da dako, N45,000. A cikin N46,800 ɗinka, N1,800 kaɗai za ka iya taɓawa in kana son sake ɗauko cikakken buhu. Da ka riga ka kashe N6,800 ɗin nan, sai dai ka sayi abin da bai kai buhu ba, gobe ma ya ƙara raguwa. Wannan ba tatsuniya ba ce. Hukumar Ƙididdiga ta Nijeriya ta ce a watan Disamba na 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari, wato kayan N100 a ƙarshen 2023 sun kai wajen N135 bayan shekara ɗaya. Saboda haka kada ka taɓa riba sai ka ji kuɗin sabon buhu.

Ga aikin gida: a kan wannan buhu na N45,000, nawa za ka sa kuɗin kwano in kana son ribar kashi 17 cikin ɗari daga kwano 39? Ku yi shi tare da mutanen gida, ka kawo wa malam amsa ranar Asabar.

Allah ya sa albarka a nema, amin.