Ni Da Jam'iyyata, Kai Da Taka

Yau za mu taɓa wani irin fim na ban dariya da Turawa ke yi, inda saurayi da budurwa ke son juna, alhali jam'iyyunsu ba su ga maciji.

Misalinsa wani fim na Amurka mai suna Speechless da ya fito a 1994. Mace da namiji ne, sana'arsu rubuta wa 'yan takara jawabi. Dukansu rashin barci na damunsu, sai suka haɗu cikin dare, hira ta yi daɗi, zuciya ta kamu. Can daga baya kowa ya gano ashe masoyinsa ne ke rubuta wa abokin hamayyar maigidansa kalaman da ake sukarsu da su. To a nan dariyar take. Da rana su yi ta jifar juna da magana ta bakin iyayen gidansu, da yamma kowa na ɗokin ganin ɗan uwansa. Kuma kada ki ce tatsuniya ce zalla. A zaɓen Amurka na 1992, James Carville na cikin jagororin yaƙin neman zaɓen Bill Clinton, Mary Matalin kuwa Shugaba Bush take wa aiki. A 1993 aka ɗaura masu aure.

Ki lura da abu guda: irin wannan fim ba ya tashi sai macen na da bakinta da ra'ayinta. In tun farko ta ce "duk inda ka yi nan na yi", ai labari ya ƙare, babu abin kallo.

To mu fa? Tun daga Turmin Danya da aka yi a Kano a 1990, soyayya ta cika finafinan Hausa, amma abin da ke shiga tsakanin masoya bai wuce talauci, auren dole ko kishiya ba. Siyasa in ta shigo, fuska a ɗaure take shigowa, kamar Kwana Casa'in na tashar Arewa24, mai labarin rikicin mulki a jihar Alfawa, jihar da babu ita sai a fim. Dariya kuma aka bar wa su marigayi Ibro. Ba kasafai ake zuba ukun nan a tukunya ɗaya ba.

A ganina dalili biyu ne. Matan Arewa ba su sami 'yancin jefa ƙuri'a ba sai 1976, bayan irin ɗaurin da su Hajiya Gambo Sawaba suka sha, don haka har yanzu wasu na jin baƙon abu ne mace ta riƙe jam'iyyarta daban. Sannan mu a nan gabar siyasa ba wasa ba ce. Ki tambayi kakanninmu zamanin NPC da NEPU, za su gaya maki an fasa baiko, an daina gaisawa, an ƙi zuwa sunan juna. Har gobe ana hana mace zuwa gidan iyayenta don kawai yayanta ya liƙa hoton wani ɗan takara a zaure. Wa zai yi dariya da wannan?

Alhali su waɗanda ake faɗan dominsu, dubi yadda suke a nan Sakkwato. Wamakko mataimakin Bafarawa ne, suka raba gari, ya gaje shi a 2007. Tambuwal ya bar PDP zuwa APC a 2014, ya sake komawa PDP a 2018. Ahmad Aliyu mataimakinsa ne, ga shi sun kara a 2019, shi ne kuma ya gaje shi a 2023. Yau tare, gobe a rabe, jibi ki gan su sahu ɗaya wurin ɗaurin aure. Ke kuwa kina can kin yi yaji, yara na hannun kishiya.

Ranar zaɓe dai ke kaɗai ke shiga inda ake dangwalawa, babu miji babu yaya, ba kuma wanda doka ta ba ikon leƙa takardarki. Zaɓen gwamnan nan na 2019, ƙuri'a 342 ce ta raba Tambuwal da Ahmad Aliyu. Matan da ke taruwa wunin biki ɗaya a Mabera sun kai haka.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.