Land Rover: Yadda motar En'e da bariki ta koma janwe, sunanta ya koma hannun masu hali

Idan aka ambaci Land Rover a gaban dattijon da ya yi aikin gwamnati a Kaduna cikin shekarun 1960, abin da zai faɗo masa a rai shi ne wata koriyar mota mai rufin tamfol, mai ƙarar giya, wadda ke ɗaukar ma'aikata zuwa rangadi. Idan kuwa ɗansa aka faɗa wa, Range Rover mai baƙin gilashi zai hango. Kamfani ɗaya ne ya ƙera su, amma bambancin da ke tsakaninsu ya kai na jaki da dokin hawan salla, kuma rashin gane wannan bambanci ya sa 'yan kasuwa da ma'aikata da dama sun zuba kuɗinsu a motar da ta ƙare a kan duwatsu a bakin gareji.

Asalin motar daga ƙuncin bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne. Kamfanin Rover na Ingila ya saba ƙera motocin alfarma, sai aka wayi gari ƙarfe ya yi ƙaranci, gwamnati kuma ta ce ba za ta ba kowane kamfani kaso mai tsoka ba sai wanda ke sayar da kayansa a ƙasashen waje. Shugaban sashen zane na kamfanin, Maurice Wilks, yana da gona a tsibirin Anglesey, inda yake aiki da wata tsohuwar Jeep ta sojojin Amurka. A shekarar 1947 shi da yayansa Spencer Wilks, wanda ke shugabantar kamfanin, suka yanke shawarar ƙera irinta domin manoma. Da yake ƙarfe ya yi wuya, sai suka yi bodin da alminiyon, wanda aka saba aikin jiragen sama da shi. Koren fentin farko ma ragowar na jiragen yaƙi ne. An nuna ta ga duniya a bajekolin motoci na Amsterdam ranar 30 ga Afrilu, 1948, a kan fam 450. Niyyar kamfanin ita ce ta riƙe shi na ɗan lokaci kafin kasuwa ta farfaɗo. Ba a daɗe ba ta fi motocin alfarmar kasuwa.

A ƙasashe irin namu ta sami gida. A wancan zamani kwalta ba ta wuce manyan hanyoyi ƙalilan ba, sauran kuwa burji ne da turbar shanu, waɗanda damina ke mayar da su taɓo, rani ya mayar da su rairayi. Di'o mai rangadi, da malamin daji, da malamin dabbobi mai allurar bushiya, da malamin jangali, da ɗan sandan En'e, duk ita ce abin hawansu. Kamfanin BEWAC ne babban dillalinta a Najeriya. Bakin Bahaushe kuma ya sarrafa sunan ya koma Landiroba. Kaduna, da yake ita ce hedikwatar Arewa tun 1917 kuma garin soja, ta tara su fiye da yawancin garuruwa: ma'aikatu suna da nasu, 'yan sanda suna da nasu, barikoki suna da nasu. Unguwanni irin su Abakpa, wadda baki ya fi sabawa da kiranta Abakwa, da maƙwabtanta Unguwar Shanu da Unguwar Kanawa, suna kusa da barikokin arewacin gari, saboda haka direbobi da makanikan da suka koyi hannu a garejin soja ko na Ma'aikatar Ayyuka ba baƙi ba ne a cikinsu. Idan gwamnati ta yi gwanjon tsofaffin motocinta, irin waɗannan mutane ne suka san wadda ke da sauran rai.

Ya kamata a ɗan tsaya a kan yadda aka gina tsohuwar, domin a nan sirrin daɗewarta yake. Shasinta ƙarfe ne mai siffar tsani, bodin kuma ɗaure shi aka yi a kai da noti, ta yadda za a iya kwance ƙofa ko rufi ko fuka-fukin gaba da sifana kawai. Samfurin Series II ya fito a 1958, Series IIA a 1961, Series III kuma a 1971, kuma yawancinsu injin silinda huɗu ne mai lita 2.25, na fetur ko na gas. Tsawonta iri biyu ne, gajera mai inci 88 tsakanin tayar gaba da ta baya, da doguwa mai inci 109. A gefen sandar giya akwai wasu ƙananan sanduna biyu. Mai rawayan kai, idan aka danna ta, tana haɗa tayoyin gaba su ja tare da na baya. Mai jan kai kuwa, idan aka jawo ta baya, tana saukar da motar zuwa giyar taimako, inda gudu ke raguwa ƙarfi ya ninku, har ta hau tudun da ƙaramar mota ba za ta kusanta ba. Babu kwamfuta a jikinta ko ɗaya. Kafireto ne da fulogi da wayoyi 'yan ƙalilan, abin da bakanike zai gyara a gindin bishiya.

Waɗanda suka riƙe ta ba sa ɓoye aibinta. Yoyon baƙin mai kamar ɗabi'arta ne, har masu ita kan yi raha cewa ranar da ta daina ɗiga, to man ne ya ƙare. Sitiyarinta yana da nauyi, safirin ɗinta na faranti ne masu tauri, wanda ya yi tafiyar yini a cikinta sai ya nemi mai tausa. Ta fetur tana sha ba kaɗan ba, lita ɗaya ba ta cika wuce kilomita shida zuwa bakwai ba. Shaf ɗin tayar baya yakan karye idan aka yi mata lodin wuce kima aka fizgi kuloci. Direban da ya manta ya bar ta tana ja da ƙafa huɗu a kan kwalta kuwa, shi ma giyabos zai ba shi labari. Akwai kuma yaudarar da alminiyon ke yi wa mai saye: bodi ba ya tsatsa, sai a ga mota tsaf daga waje, alhali shasi da bangon ƙarfen da ke tsakanin inji da direba sun cinye daga ciki. Duk da haka, abin da ya sa ake yafe mata shi ne ba ta cika mutuwa gaba ɗaya ba. Takan yi ciwo, a ɗaure da waya, ta kai mutum gida.

To me ya kore ta daga hanyoyinmu? A ganina laifin na gidansu ya fi yawa. A 1967 Rover ya shiga hannun Leyland, a 1968 aka narkar da su cikin British Leyland, wani katafaren kamfani da yajin aiki da asara suka dabaibaye har gwamnatin Birtaniya ta karɓe shi a 1975. Land Rover tana kawo riba, amma ribar tana tafiya wajen toshe ramukan da sauran motocin kamfanin suka haƙa. Shekara da shekaru ba a sabunta injinta ba, masu oda suna jira wata da watanni, kayan gyara kuma suna yankewa. A daidai lokacin ne Toyota ta Japan, wadda ta sa wa motarta suna Land Cruiser a 1954, ta shigo da samfurin 40 a 1960, ta biyo da Hilux a 1968, sannan samfurin 70 a 1984. Injin Land Cruiser ya fi girma, motocin ba sa yoyo, kuma mai su yana samun kayan gyara a kanti. Yaƙin Chadi da Libiya na 1987, wanda har aka yi masa laƙabi da sunan Toyota, ya nuna inda kasuwar sahara ta koma.

A gida Najeriya ma an yi yunƙuri. Cikin shekarun 1970 gwamnatin tarayya ta haɗa gwiwa da kamfanonin waje aka kafa masana'antun harhaɗa motoci shida: Peugeot a Kaduna, Volkswagen a Legas, Mercedes a Inugu, Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, sai Leyland a Ibadan, inda ake harhaɗa manyan motoci da Land Rover. Ta Ibadan ba ta yi tsawon rai ba. Kuɗin mai ya ja baya a farkon shekarun 1980, kuɗin waje na shigo da sassan mota ya yi wuya, sannan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, masana'antar ta durƙushe. A Kaduna kuwa akwai wata kishiya a tsallaken kogi. Masana'antar Peugeot ta Kakuri ta fara aiki a 1975, gwamnati ta mayar da 504 motar ofis, 'yan kasuwa kuma suka rungumi akori-kurar 404 da 504, waɗanda ke shiga yawancin ƙauyukan da a da sai Landiroba, ga sauƙin mai, ga kayan gyara a kowane lungu.

Kamfanin bai mutu ba, hanya ya sauya. Tun 1970 ya fito da Range Rover, wadda a farkonta kujerun roba ne da daɓen da ake wankewa da ruwa, amma a hankali ta zama motar sarakuna da attajirai. A 1983 da 1984 aka maye gurbin Series III da samfurin 110 da 90 masu safirin na murɗe da ja da ƙafa huɗu a kowane lokaci, waɗanda aka raɗa wa suna Defender a 1990, shekara guda bayan fitowar Discovery. Daga nan kamfanin ya yi ta sauya iyayen gida: British Aerospace a 1988, BMW ta Jamus a 1994, Ford ta Amurka a 2000, sai Tata ta Indiya, wadda ta saye shi tare da Jaguar a 2008 a kan dala biliyan 2.3. Abin lura ne cewa motar da ta yi wa Turawan mulkin mallaka hidima yanzu mallakar wani kamfani ce daga ƙasar da suka mulka. Tsohuwar Defender ta ƙarshe ta fito daga masana'antar Solihull ranar 29 ga Janairu, 2016, bayan an ƙera fiye da miliyan biyu tun daga 1948. Sabuwar da aka nuna a 2019 a ƙasar Sulobakiya ake ƙera ta, kuma ban da suna babu abin da ta gada daga kakarta.

Wannan sabon zubi shi ne ke shigo mana a matsayin 'yan Kwatano: Range Rover, da Range Rover Sport, da Discovery 3 da 4, waɗanda Amurkawa ke kira LR3 da LR4. Farashinsu na hannu yakan ba mutum mamaki, domin sau da yawa suna ƙasa da Prado ko Lexus masu shekaru ɗaya da su. Arhar tana da dalili. Maimakon safirin, yawancinsu a kan jakunkunan iska suke tsaye, da ɗan injin da ke hura su da na'urorin da ke auna tsayin mota. Idan jaka ɗaya ta tsage ko injin hurawar ya gaji, sai a wayi gari mota ta durƙusa kamar raƙumi. Bututun ruwan inji da yawa na roba ne, zafinmu yana gasa su, kuma injin alminiyon ba ya yafe zafi ko sau ɗaya. Na gas ɗinsu an tsara su ne don tataccen mai irin na Turai, gurɓataccen mai yana kashe musu nozul. Batir mai rauni kaɗai ya isa ya cika allon gaban direba da fitilun gargaɗi. Masu su sun kasu biyu. Wanda ya sami bakaniken da ya ƙware a kansu, mai na'urar binciken kwamfuta, yana kuma canza mai a kan kari, zai shaida cewa bai taɓa hawa mota mai daɗinta ba. Wanda ya kai ta wurin mai gyaran kowace mota, aka yi ta canza kaya bisa kintace, shi ne ke sayar da ita rabin kuɗi bayan shekara.

Akwai kuma batun sitiyari. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama ranar 2 ga Afrilu, 1972, kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta sha gargaɗi cewa doka ba ta amince da mota mai sitiyari a dama ba. Da yake Ingila ce mahaifar waɗannan motoci, wasu daga can ake kawo su a juya musu sitiyari a hanya. A tsohuwar Series wannan aiki ne mai sauƙi, domin an tsara ta ta karɓi kowane ɓangare. A sabuwa kuwa yana nufin yanke ɗaruruwan wayoyi a sake haɗawa, kuma daga nan matsalar lantarki ba ta ƙarewa. Mai saye ya duba ƙarƙashin allon gaba da inda fedar birki ta ratsa bango kafin ya biya. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023 kuma, ma'aikacin da ke zaune a Abakwa yana zirga-zirga a titin Ali Akilu zuwa sakatariya dole ya lissafa abin da injin silinda takwas zai ci a cunkoson safiya, a kan hanyar da ba ta buƙatar giyar taimako ko sau ɗaya a shekara.

Tsofaffin kuwa suna nan suna cin guminsu. A Kaduna da sauran manyan garuruwa an yanke bayan da yawa daga cikin dogayen, an ɗora musu ƙugiya da sarƙa sun zama janwe, saboda giyar taimako tana ba su ƙarfin jan motar da ta fi su nauyi. Wasu an cire musu injin asali an dasa na gas daga motocin Japan, kayan da suka gagara a kanti kuma akan nemo su a Panteka ko a ƙera su a can. A tsaunin Mambila na Jihar Taraba, a hanyoyin da ke fita daga Gembu zuwa ƙauyuka, har yanzu su ne motocin haya, suna hawa da buhunan masara da fasinjoji a kan lodi, da yawansu sun haura shekara arba'in a kan hanya.