Tun Ran Gini Ran Zane: Abin da Makiyayi da Ɗan Kasuwa Za Su Duba Kafin a Gina Gidan Hukuma

 Ga taƙaitaccen abin da muka tattauna a shirin wannan mako, domin wanda bai samu saurare ba, ko wanda ya ji amma yana so a sake karanta masa a zaure.

Kowa ya san abin da ya ratsa jihar Sinnar. A ƙarshen watan Yunin 2024 dakarun RSF suka shiga Sinja, hedkwatar jiha, sojoji kuma suka karɓe ta a watan Nuwamba na shekarar. Madani ma ta fita hannun gwamnati a Disambar 2023, ta dawo a Janairun 2025. Garin da yaƙi ya bi ta cikinsa kuwa, idan ƙura ta lafa, dole a zo maganar gyaran ofisoshin hukuma ko sake gina su: gidan mahaliyya, wato ƙaramar hukuma, da zauren taro, da ofisoshin takardu da na haraji.

Za ka iya cewa, "To ni ina ruwana? Ina bayan shanuna," ko "Ina kan hanyar Kurmuk da kayana." Ai kuwa da ruwanka. A ginin nan za a yanka maka takardar shaidar dabba. A nan za a saurari ƙararka ran da aka nome burtali. Da kuɗin da aka karɓa a hannunka a kara da bakin kasuwa za a sayi wani ɓangare na simintin. Kuma duk abin da zai dame ka a ginin na shekara talatin, tun a takarda ake yanke shi, kafin a haƙa rami ko ɗaya.

Inda za a kafa shi

Magabata ba su raba gidan mulki da jama'a ba. A Kano, Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya gina fadar da har yau ake kira Gidan Rumfa, shi ya kafa Kasuwar Kurmi, kuma daga ɗaya zuwa ɗaya tafiyar ƙafa ce. Tsohuwar Sinnar, wadda Amara Dunƙas ya mayar cibiyar daular Funj a 1504, haka take: fada da masallaci da kasuwa kusa da juna. Mutanen Muhammadu Bello Mai Wurno, da suka taso bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa Mayirno a bakin kogin Nil Azraƙ, da wannan tsari suka zo. Baƙo ya sauka ya sayar da kayansa, ya yi salla, ya kai gaisuwa ko ƙara, duk a wuni guda.

Yanzu kuwa an fi son a fita bayan gari inda fili yake da yawa, a kafa ƙaton gini. Akwai hujja a ciki: filin da arha, kuma da wurin faɗaɗawa nan gaba. Amma ka yi lissafi da ƙafarka. Daga tashar mota zuwa wurin, kuɗin raksha nawa ne zuwa da dawowa? Daga kasuwar dabbobi fa? Da damina, hanyar tana biyuwa, ko laka ce har gwiwa? Idan sai ka bar dabbobinka wuni guda don hatimi ɗaya, to wurin bai yi maka ba, komai kyan fentinsa.

Abu na biyu, ka tambaya: filin na wane ne yau? Abin da injiniya yake gani a taswira fili ne babu kowa, sau da yawa shi ne mashayarka, ko makwantar shanu, ko burtalin da kakanninka suka bi. Dokar filaye ta 1970 ta mayar da duk ƙasar da ba a yi wa rajista ba mallakar gwamnati, ga shi kuwa galibin wuraren kiwo ba su da rajista. Manyan gonakin tarakta a Dali da Mazmum sun riga sun ci da yawa daga cikinsu, kuma bayan rabuwar Sudan ta Kudu a 2011 makiyaya da yawa sun dawo arewa suka tarar da ƙunci. Ginin hukuma kuma ba ya zuwa shi kaɗai. Yana jawo shaguna da gidajen ma'aikata da masu sayen fuloti. A Nijeriya, da aka yanke shawarar gina Abuja a 1976, kafin gwamnati ta koma can a 1991, Gbagyi da sauran mazauna wurin da yawa sai da aka tashe su. Saboda haka ka nemi a zana burtali da mashaya a jikin taswirar da za a sa wa hannu, da faɗinsu a rubuce. Alkawarin baki ba ya tare katanga.

Ƙasa da ruwa

Ƙasarmu ta Jazira da Sinnar baƙar laka ce. Da rani ta dare har sandarka ta shige, da damina ta sha ruwa ta kumbura. Wannan motsi shi ke tsaga bango ya karkatar da ƙofa. Ginin da zai daɗe a irin wannan ƙasa, sai an fara gwada ƙasar, a haƙa a ga zurfin lakar, sannan a sauke ginshiƙai zuwa inda danshi ba ya canjawa, ko a kwashe lakar a cika da tsakuwa a daddaɓe. Aikin nan yana cin kuɗi, kuma idan an rufe ba mai ganinsa, shi ya sa nan ne marar tsoron Allah yake fara yanke. Ka tambaya ko an yi gwajin, kuma wa ya ga sakamakon.

Sai ambaliya. A 2020 ruwa ya yi ɓarna a Sinja da ƙauyukan bakin kogi, har gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci ta wata uku a ƙasar baki ɗaya. Mutanen Maraɗi a Nijar sun ga irin wannan tun 1945, lokacin da gulbi ya cinye tsohon garin da ke cikin kwari, aka hau da shi kan tudu aka sake yanka tituna. A nan, kai makiyayi ka fi mai zane sani. Ka san inda ruwa yake kwanciya, ka san tsohon kwarin da ya bushe shekara goma amma yakan dawo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Faɗi abin da ka sani tun ana auna fili.

Ɗakin takardu

A wurinmu Hausawa da Fulanin Sudan, babu ɗakin da ya kai wannan muhimmanci a ginin duka. Ga dalili. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya nuna cewa shi ko iyayensa maza suna zaune a Sudan tun ƙarshen 1897. Jama'ar Mai Wurno kuwa bayan 1903 suka iso, wasu ma sai da aka kammala dam ɗin Sinnar a 1925 aikin auduga ya kawo su. Daga baya an sassauta, dokar 1994 ta mayar da ma'aunin zuwa farkon 1956. Duk da haka, wanda ya taɓa neman jinsiyya ko lambar ɗan ƙasa ya san yawan tambayar da akan yi wa mai suna irin namu. Tsohuwar rasit ta haraji da sunan kakanka, rajistar gona, takardar haihuwa, su ne shaidunka. Idan suka ƙone ko gara ta cinye, gardama ta dawo sabuwa.

To me za ka nema? Ɗakin ajiya ya kasance a ɗage daga ƙasa, nesa da bakin titi, da ƙofar ƙarfe da kantocin ƙarfe, rufinsa ba ya yoyo. A ɗauki hoton kowace takarda a sa a kwamfuta, a ajiye kwafi a wani gari dabam, don abin da ya sami ɗaya kada ya sami ɗayan. A sa masa wutar sola tasa, kada aiki ya tsaya duk ran da aka ɗauke lantarki. Idan kuɗi bai isa a yi ginin gaba ɗaya ba, a fara da wannan ɗaki, ofishin shugaba ya jira.

Zauren taro

A watan Yulin 2022, da kuma Oktoba a Wad al-Mahi, rikici kan ƙasa da sarauta a jihar Nil Azraƙ ya ci rayuka masu yawa, dubban mutane suka bar gidajensu, wasu suka gudo nan Sinnar. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya kiyaye gaba. Gini ba ya hana faɗa. Amma sulhu yana bukatar wurin zama wanda ba gidan wani ɓangare ba ne, inda manomi da makiyayi, umda da shehun ƙauye, Bahaushe da Bafulatani da Balarabe da mutumin Funj, kowa zai shiga ba tare da ya ji shi baƙo ne ba.

Zauren da zai yi wannan aiki, a ƙasa ya kamata ya kasance, ba a bene ba, don tsoho da gurgu. Ƙofarsa ta buɗe waje kai tsaye, ta yadda za a iya taro ran Juma'a ko da dare ba sai an ratsa ofisoshi ba. A bar fili mai inuwa a gabansa don ranar da jama'a suka fi ƙarfin kujeru. A sa lasifika, a tanadi mai fassara, domin akwai dattijon da Larabcinsa na ciniki ne kawai, hujjarsa kuwa da Fulatanci ko Hausa take fita. Mata masu nono da masu shayi da masu ƙananan sana'a su ma suna biyan kuɗin kasuwa, a ba su wurin zama da makewayinsu.

Inuwa, ruwan sha da layi

Mai zane yakan fara da ofishin manya. Kai ka fara da inda za ka tsaya. A watan Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40. Ginin da dogayen ɓangarorinsa suke kallon kudu da arewa ya fi sanyi, don ranar safe da ta yamma ƙananan ɓangarorin take duka. Dubi tsofaffin gine-ginen jan bulo na hukumar Jazira a Barakat: baranda mai faɗi, rufi mai tsawo, tagogi suna kallon juna iska tana ratsawa. Gilashi daga sama har ƙasa kuwa sai da na'urar sanyaya ɗaki, ran da babu wuta ya zama tanda.

Ka nemi baranda mai benci, da randunan ruwa, da wurin alwala, da itatuwan darbejiya. Ka nemi wurin ɗaure jaki da tsayar da amalanke da lori, ba na ƙananan motoci kaɗai ba. Kai kuma ɗan kasuwa mai riɗi ko dawa ko ƙaro, ka san yadda takarda ɗaya take sa ka zaga gari: lasisi nan, haraji can, Diwanin Zakka a wata unguwa, likitan dabbobi a wata. Nemi a jera tagoginsu a baranda guda, a kafa allo a rubuta kowane kuɗi da adadinsa, a riƙa ba da rasit. Allon nan kaɗai yana rage "kawo na shayi".

Yadda za ka sa baki

Aikin gini yana da matakai: a rubuta bukatu, a zaɓi fili, a yi zane, a yi kiyasin kuɗi, a ba da kwangila, sannan a fara. Maganarka tana da nauyi a matakai uku na farko. Bayan an zuba kankare, sai dai haƙuri.

Matsalar ita ce lokaci. Da damina kuna arewa kuna gudun laka da ƙuda, da rani kun gangara kudu neman ruwa. Idan aka kira taro ranar da ba ku nan, za a rubuta cewa an ji ra'ayin jama'a. Don haka ku zaɓi mutum biyu ko uku mazauna gari, ku ba umda sunayensu a rubuce, ku nemi a sa taro ranar kasuwa, a kuma sanar a rediyo tun da sauran kwanaki.

Idan aka shimfiɗa muku zane, kada ku ji nauyin tambaya. Ku ce a nuna muku arewa. Ku duba ma'auni: idan an rubuta 1:100, santimita ɗaya a takarda mita ɗaya ce a ƙasa. In bai shiga ba, ku ce a je filin a zana shi da toka ko farar ƙasa, ku taka da ƙafarku. Ku tambayi nawa ne kuɗin, daga ina zai fito, kuma ko za a ƙara muku haraji saboda shi. Ku tambayi wa zai riƙa gyara bayan an buɗe, da wane kuɗi. Ku nemi a kafa allo a bakin aiki da sunan ɗan kwangila da adadin kuɗi da ranar gamawa. Abin da aka amince a taro kuma a rubuta, wakilinku ya riƙe kwafi.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Makiyayi shi kaɗai za a ce masa ya dawo gobe. Amma idan ƙungiyar makiyaya da 'yan kasuwar hatsi da direbobin lori da mata masu sana'a suka kawo takarda ɗaya mai bukatu biyar, da wuya a ture ta gefe.

Wanda ya samu wannan takarda, don Allah ya karanta wa na kusa da shi da bai iya boko ba. Wanda kuma aka fara auna fili a garinsu, ya aiko mana da bayani ta hannun wakilinmu ranar kasuwa, mu sanar da sauran jama'a. Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya albarkaci dukiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.