Mahaifa Ba Tukunya Ba Ce Balle A Kankare Ta

Sau uku aka turo mini saƙon murya iri ɗaya a makon jiya, daga zaurukan WhatsApp daban-daban, har da na dangi. Wata mata ce mai zaƙin baki take shelar cewa duk wadda ta haura shekara 40 ba ta samu ciki ba, ko ta taɓa haihuwa can baya abin ya tsaya, to dattin mahaifa ne ya tare hanya. Maganin kuwa yana hannunta: jarka ɗaya ta tsimi, da garin matsi, da turaren tsuguno. Wai wata uku ba za su cika ba sai an fara tofar da yawu. Ta rufe da rantsuwa, ta biyo da lambar asusun banki.

Na gaji da jin wannan magana, don na san waɗanda take kamawa. Bazawara ce da ta sake aure tana son ta ajiye ƙwai a sabon gida. Ko wadda karatu da aiki suka riƙe, ko wadda Allah bai kawo mata miji da wuri ba. Ko uwargidan da aka yi wa amarya, uwar miji kuma ta fara sakin magana a tsakar gida. Mata ne da gori ya ishe su, kowa ya zo da abin da zai sayar sai su buɗe jaka. Kuɗin da ake cinye musu bai dame ni ba kamar watannin da ake cinye musu, domin macen da ke neman ciki a shekara 41 ba ta da jarin da ya wuce lokaci.

Matsalar haihuwa ba baƙuwa ba ce a ko'ina. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 1 cikin 6 na cin karo da ita a rayuwarsa, kuma abin da likitoci ke nufi shi ne a shekara ana saduwa ba tare da tsarin iyali ba, ciki bai shiga ba. Wannan ke nan a taƙaice. Mu koma kan datti.

Wane datti? Mahaifa tsoka ce, girmanta bai wuce dunƙulen hannu ba, bakinta a tsuke yake. Kowane wata tana shimfiɗa sabon rufi a cikinta don tarbar ciki, idan cikin bai zo ba sai ta zubar da rufin ta sake wani. Jinin al'ada ke nan. Gaɓar da ke sabunta shimfiɗarta sau 12 ko 13 a shekara ita ce za a ce ta tara dauɗar shekara goma? Jinin da ya fito baƙi-baƙi a farkon al'ada ko ƙarshenta, wanda masu talla ke nunawa a matsayin hujja, jini ne da ya ɗan jima kafin ya fito, ya sauya launi. Gudan jini kuma yana fitowa idan zubar ta yi yawa. Abin da kika sha ta baki hanji yake bi, babu wata kwata da ta haɗa hanji da mahaifa. Idan tsimi ya sa ki gudawa kwana biyu, hanjinki ya wahalar, mahaifa ba ta ma san kin sha ba.

Ainihin maganar tana wajen ƙwai. Namiji yana ƙera sabon maniyyi kullum har tsufansa. Mace kuwa da guzurinta take zuwa duniya: ana haifar jaririya da ƙwai tsakanin miliyan 1 da miliyan 2, kafin ta balaga sun ragu zuwa kusan 300,000, wajen shekara 37 saura kamar 25,000, idan al'ada ta zo ɗaukewa abin da ya rage bai fi 1,000 ba. Ba a ƙara ko ɗaya a hanya. Ƙwan da zai fita a wannan watan tare kuka zo duniya, shekarunku ɗaya.

Raguwar yawan ma da sauƙi a kan raguwar inganci. Kowane ɗan Adam yana ɗauke da ƙunshin gado guda 46 a ƙwayoyin jikinsa, 23 daga uwa, 23 daga uba. Kafin ƙwai ya nuna sai ya raba nasa gida biyu daidai wa daida. Ƙwan da ya tsufa yana yawan kuskuren wannan rabo, ya fito da ƙari ko da giɓi. Bayan shekara 40, fiye da rabin ƙwayayen da suka haɗu da maniyyi suna ɗauke da irin wannan kuskure, kuma mafi yawansu ba sa kama mahaifa, ko su kama su faɗi a makonnin farko. Shi ya sa ƙungiyar likitocin haihuwa ta Amurka ke ƙiyasta cewa lafiyayyar mace 'yar shekara 30 tana da damar kusan 20 cikin 100 a kowane wata, 'yar shekara 40 kuwa kusan 5 cikin 100. Shi ya sa kuma ɓari ke yawaita, har ya kai kusan ciki 1 cikin 3 a farkon shekarun arba'in. Sai mace ta yi ɓari sau biyu, a ce mata ai ga shi nan, datti ne ke turo cikin waje. Wallahi zalunci ne a ɗora mata laifin ƙazanta a kan abin da tsabta ba ta da hannu a cikinsa.

Akwai wata hujja da ta kashe bakin wannan magana. A ƙasashen da ake dashen ƙwai da ƙwan wata mace daban, an ga cewa idan aka ɗauki ƙwan matashiya aka dasa wa 'yar shekara 44, damar ɗaukar cikinta tana komawa kusa da ta mai ƙwan. Malamanmu ba su halatta wannan hanya ba, ni ma ba tallarta nake yi ba. Abin lura kawai shi ne mahaifar nan da ake cewa ta yi datti ta riƙe ciki lafiya lau da aka sauya ƙwai, ba tare da an wanke ta da komai ba.

Wata za ta ce, to ai ni al'adata ba ta taɓa saɓa lokaci ba. Haka ne, yawancin mata al'ada ba ta ɗauke musu sai tsakanin shekara 45 da 55. Amma haihuwa tana ja da baya shekaru da dama kafin jinin ya tsaya. Zuwan jini yana nuna mahaifa na aikinta, ba ya ba da shaidar lafiyar ƙwan.

Da a tsimi abin ya tsaya da na ce asarar kuɗi ce. Amma wannan tunani na datti shi ke kai mata su roƙi a yi musu wankin ciki. Wankin ciki aikin asibiti ne mai dalilinsa, misali idan an yi ɓari wani abu ya saura, ko jini ya ƙi tsayawa. Ba a yinsa don neman haihuwa. Idan aka kankare rufin mahaifa har aka taɓa tushensa, bangon biyu na iya mannewa su yi tabo, cutar da wani likita mai suna Joseph Asherman ya yi bayaninta a 1948, har ake kiranta da sunansa. Wata yayata, 'yar wan mahaifina, ta sake aure tana da shekara 40 bayan rasuwar mijinta na fari. 'Ya'yanta uku, ba ta taɓa samun matsalar haihuwa ba. Wata shida da tarewa aka fara kawo mata jarkoki. Da suka gaza, wata ƙawarta ta kai ta wani ɗan asibitin kuɗi aka yi mata wankin ciki, bayan wata biyar aka sake. Daga nan al'adarta ta koma ɗigo na yini ɗaya. Na ce, "Yaya, wannan ba lafiya ba ce, mu je a duba." Ta ce, "Ke dai bari, an ce dattin ne ya ƙare." Sai da ta kai 43 ta yarda muka je babban asibiti, hoto ya nuna mahaifar ta manne. Likitar ta tambaye ta, "Hajiya, maigidan fa, an taɓa gwada shi?" Shiru. Shekara uku ana wanke mace, ba wanda ya ce wa namijin ko sannu.

Haka matsi. Kanwa da gishiri da sassaƙen da ba a san asalinsa ba, a cusa a wuri mafi laushi a jiki. Yana ƙona fata, yana kashe ƙwayoyin da Allah ya ajiye don tsaron wurin, wani lokaci ƙunar ta warke da tabon da zai tsuke hanya. Ban musa akwai ciwon sanyi na gaske ba. Wanda ake ɗauka ta saduwa, ko wanda ya biyo bayan haihuwa ko ɓarin da ba a kula da shi ba, yana iya hawa ya toshe bututun da ƙwai ke bi. Amma gwaji ke gano shi, kuma mata da miji ake yi wa magani tare. Bututun da ya riga ya toshe kuwa hayaƙin kasko ba ya buɗe shi.

Masu tallar nan sun iya jawo kissar Annabi Zakariyya da ta Annabi Ibrahim, amincin Allah ya tabbata a gare su, waɗanda aka ba su haihuwa bayan tsufa. Mun yi imani da wannan. Mu'ujiza ce daga Allah, kuma ba a jarka ta zo ba. Mai sayar da ruwan sassaƙe ya ji tsoron Allah ya daina jingina hajarsa da annabawa.

Ban da shekaru, akwai sauran dalilan rashin samun ciki, irin su ƙarin mahaifa, da matsalar maƙoƙo, da ciwon suga, da ƙiba ko rama mai yawa, duk likita zai duba su.

To me za ki yi? Kashi 5 cikin 100 ba sifili ba ne, kuma ana sake jefa ƙuri'ar kowane wata. Mata da yawa suna haihuwa a 41 da 42 ba tare da wani dashe ba. Abin da ke hannunki shi ne kada wata ya wuce a banza.

Fara da lissafin kwanaki, don a nan ake yawan asara. Ƙwai idan ya fita bai wuce awa 12 zuwa 24 yana jira ba, maniyyi kuwa yana iya kai kwana 5 da rai a jikin mace. Ke nan kwanakin dacewa shida ne: biyar kafin fitar ƙwai da ranar fitarsa. Ƙwan yana fita ne kamar kwana 14 kafin al'ada ta gaba. Maganar "rana ta 14" da kowa ya haddace ta mai zagayen kwana 28 ce. Bayan shekara 40 zagayen yakan gajarce. Idan naki kwana 25 ne, ƙwai na fita wajen rana ta 11 daga ranar da kika fara ganin jini, kwanakin dacewa kuma sun fara tun rana ta 6, wato kusan ranar da kika yi wankan tsarki. Wadda ta zauna jiran rana ta 14 kasuwa ta riga ta watse. Ki samu kalanda ki riƙa rubuta ranar farko ta kowace al'ada. Ki kuma lura da ruwan da ke fitowa fari tas, mai santsi da yauƙi kamar farin ɗanyen ƙwai. Shi ne alamar lokaci ya yi, kuma abin takaici mata da yawa shi suke ɗauka sanyi su bi shi da magani. A waɗannan kwanaki saduwa kullum ko bayan kwana bibbiyu ta wadatar.

Nan ne rabon kwana ke shigowa, abin da littattafan Turawa ba su san da shi ba. Idan ku biyu ne, kwana bibbiyu, babu damuwa. Idan ku huɗu ne, tsakanin girkinki da na gaba akwai dare shida, kwanakin dacewa na iya faɗawa cikinsu gaba ɗaya wata bayan wata. Haka wadda mijinta ke aiki a Legas ko Fatakwal, yana zuwa ƙarshen wata. Ki zauna da maigida ki nuna masa kalandar. Musayar kwana da yardar abokiyar zama halal ce, Nana Sauda ma ta bar wa Nana A'isha kwananta. Idan kunya ta hana ki buɗe baki, wata ne ya tafi.

Ki fara shan folik asid tun yanzu, 'yar ƙwayar nan da ake bayarwa a wajen awo. Mikrogiram 400 a rana ake buƙata, mai ciwon suga ko farfaɗiya likita zai ƙara mata. Ba ta sa ciki ya shiga, amma tana kare jariri daga tawayar laka da ƙwaƙwalwa, wadda ke faruwa a makonni huɗun farko, tun kafin ki san kina da juna biyu. Ki auna hawan jini da suga. Ku san jinotayif ɗinku saboda sikila. Shisha da sigari suna gaggauta ƙarewar ƙwai, a bar su.

Kada ki shiga kemis ki sayi Clomid don ƙawarki ta sha ta haifi tagwaye. An yi shi ne musamman don wadda ƙwanta ba ya fita. Ba ya mayar da tsohon ƙwai sabo, yana iya sirantar da rufin mahaifa ya busar da ruwan yauƙin nan da maniyyi ke iyo a ciki, kuma likitoci ba su cika wuce zagaye 6 da shi ba. Na san wadda ta shekara tana sha.

Dokar jiran shekara guda ta 'yan ƙasa da 35 ce. Daga 35 wata 6 ake jira. Wadda ta kai 40 kuwa ba ta jira ko kaɗan, tana fara nema tana ganin likitan mata. Akwai su a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da asibitin haihuwa na Issaka Gazoby a Yamai. Za a yi sikanin, a ɗauki hoton bututun mahaifa, a gwada jini don a ga ko ƙwai na fita da kimanin abin da ya rage. Idan ta kama a yi maganar dashen ƙwai, gara a yi ta da wuri, don shi ma nasararsa da shekarun ƙwan take tafiya.

Ku kuma maza, Alhaji, da kai nake. A kusan rabin ma'auratan da ke fama da rashin haihuwa akwai hannun namiji a ciki. Cewa kana da 'ya'ya takwas a ɗakin uwargida labarin shekarun baya ne, tun daga lokacin suga ya iya shiga, ko ciwon sanyi, ko tiramol, ko allurar ƙarin ƙarfi da ke dakatar da ƙera maniyyi. Gwajinka ya fi duk na matarka sauƙi da araha, babu allura babu ƙarfe. Ka ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7, ka kai abin da aka nema ɗakin gwaji a 'yar kwalbar da za su ba ka. Idan sakamakon bai yi kyau ba za a ce ka dawo bayan wata uku a sake, domin kusan kwana 74 jiki ke ɗauka kafin ya gama ƙera sabon maniyyi.