Tsoffin babura: wa ke samun rangwame, wa ke biyan ƙari?

Ƙasashe da dama na yi wa masu tsoffin babura rangwamen kuɗin rajista da na haraji, sai dai tsufa kaɗai ba ya wadatarwa a samu wannan sassauci.

A mafi yawan ƙasashen, sai babur ya kai wasu shekaru da doka ta ƙayyade, kuma a wasu sai mai shi ya amince ba zai riƙa hawansa kullum ba. Baburan da suka tsufa amma ba su kai wannan matsayi ba kuwa, sau da yawa ƙarin kuɗi ake ɗora musu.

Ƙungiyar FIVA, wadda ta haɗa ƙungiyoyin masu tsoffin ababen hawa na duniya, ta bayyana abin hawa na tarihi da cewa shi ne wanda ya kai shekara 30, aka adana shi a kamanninsa na asali, kuma ba a zirga-zirgar yau da kullum da shi.

Birtaniya

A Birtaniya, babur da ya haura shekara 40 ba ya biyan harajin hanya ko kwabo, da zarar mai shi ya nemi a sauya masa rajista zuwa rukunin ababen hawa na tarihi.

A shekarar 1995 aka fara wannan tsari da wa'adin shekara 25. Gwamnatin Labour ta tsayar da shi a kan ababen hawan da aka ƙera kafin 1973, sannan a 2014 aka farfaɗo da shi da wa'adin shekara 40.

Tun daga watan Mayun 2018, an kuma ɗauke wa irin waɗannan babura gwajin lafiyar abin hawa na shekara-shekara da ake kira MOT, muddin ba a yi musu gagarumin sauyi ba. Kuma ba a ƙayyade musu yawan kwanakin hawa ba.

To amma a birnin Landan, babur da injinsa bai cika ƙa'idar hayaƙi ta Euro 3 ba, wato galibi waɗanda aka yi wa rajista kafin watan Yulin 2007, yana biyan fam 12.50 a duk ranar da aka hau shi a yankin taƙaita hayaƙi, wanda ya game birnin baki ɗaya tun watan Agustan 2023.

Baburan tarihi ba sa biyan wannan kuɗi. Ke nan babur ɗan shekara 45 zai ratsa Landan kyauta, ɗan shekara 25 kuma sai ya biya.

Jamus

Jamus ta ɓullo da lambar da ke ƙarewa da harafin H a 1997, ga ababen hawan da suka kai shekara 30. Kafin a bayar da ita, sai ƙwararren mai bincike ya tabbatar cewa babur ɗin yana cikin yanayi mai kyau kuma yana nan kusa da yadda aka ƙera shi.

Mai wannan lamba yana biyan yuro 46.02 a shekara, komai girman injin. Harajin da aka saba biya kuwa yuro 1.84 ne a kan kowane cc 25.

Idan aka yi lissafi, rangwamen ba ya amfanar kowa sai mai injin da ya haura cc 625. Mai babur na cc 250, alal misali, yuro 18 da 'yan kai yake biya a tsarin da aka saba, don haka lambar H asara ce a gare shi.

Ostireliya

A Ostireliya kowace jiha da dokarta, amma manufar ɗaya ce: a biya kaɗan, a hau kaɗan.

A jihar Victoria, mai babur ɗan shekara 25 zuwa sama zai iya karɓar izinin hawa na kwana 45 ko 90 a shekara, a kan kuɗin da bai kai na cikakkiyar rajista ba. Sharaɗi shi ne ya kasance ɗan wata ƙungiyar masu ababen hawa da hukuma ta amince da ita, kuma ya rubuta kowace ranar fita a littafi na musamman.

A New South Wales wa'adin shekara 30 ne, kwanakin hawa kuma 60, ban da tarukan ƙungiya.

Kaso mai tsoka na kuɗin da ake biya wajen rajista a ƙasar na inshorar dole ne ta waɗanda haɗari ya rutsa da su. Babur da ke yin mafi yawan shekara a ajiye bai cika shiga haɗari ba, shi ya sa ake rage masa.

Asiya

A wasu ƙasashen Asiya, tsufan babur ƙarin nauyi ne.

A Japan, harajin nauyi na babur da ya haura cc 250 yen 1,900 ne a shekara. Yakan tashi zuwa yen 2,300 bayan shekara 13, sannan yen 2,500 bayan shekara 18.

A Indiya, rajistar babur na aiki na shekara 15, daga nan sai a riƙa sabunta ta duk bayan shekara 5. A watan Afrilun 2022 gwamnati ta ɗaga kuɗin sabuntawar daga rupi 300 zuwa 1,000.

Ƙasar ta fitar da dokar ababen hawa na tarihi a 2021, amma ga waɗanda suka haura shekara 50 kaɗai. Dokar ta sanya rupi 20,000 a matsayin kuɗin sabuwar rajista mai wa'adin shekara 10, ta kuma haramta yin haya ko zirga-zirgar yau da kullum da su.

Singapo ta fi tsanantawa. A 2018 hukumar kula da muhalli ta ƙasar ta yi tayin biyan kuɗin da ya kai dalar Singapo 3,500 ga duk wanda ya soke rajistar babur da aka yi wa rajista kafin watan Yulin 2003, ta kuma sanar da cewa za a hana irinsu hawa titi bayan watan Yunin 2028.

An keɓe waɗanda ke rukunin ababen hawa na tarihi, waɗanda dole su kai shekara 35, kuma kwana 45 kacal ake yarje musu fita a shekara.

Muhawara

Masu goyon bayan rangwamen na cewa baburan tarihi ba su da yawa, ba sa tafiya mai nisa, kuma suna samar da aiki ga makanikai da masu sayar da kayan gyara.

Masu suka kuwa na ganin cewa tsarin ya fi amfanar mai hali, wanda ke da wani abin hawan na zuwa aiki, ya ajiye tsohon don nishaɗi. Mutumin da ke hawan babur ɗan shekara 20 saboda ba shi da kuɗin sabo, shi ne ke biyan cikakken haraji, a wasu biranen har da kuɗin hayaƙi.

Yayin da birane ke ƙara tsaurara dokokin tsaftace iska, abin da ke gaban hukumomi shi ne yadda za su rage hayaƙi ba tare da sun raba masu ƙaramin ƙarfi da abin hawansu ba.