Kyamarar Waya da Jijiyar Ƙafa

Wani saƙo ya yi ta zagaya WhatsApp, wai duk wanda ya ɗora yatsa a kan kyamarar wayarsa, manhaja ta nuna masa oksijin ɗin jininsa ya kai 97 ko 98, to jijiyoyin ƙafarsa lafiya lau suke, ba shi da sauran buƙatar zuwa asibiti. Wanda ya tsara wannan magana, ko jahilci ne ya ja shi ko neman suna, ya ɗauki alhaki mai nauyi. Amma waɗanda suka gaskata ban ga laifinsu ba, domin mai ciwon suga da kuɗin asibiti ya gajiyar, duk rangwamen da aka nuna masa rungumarsa zai yi.

Maganar ba ta rasa tushe ba. Jinin da ya ƙoshi da oksijin da wanda ya rasa shi launinsu ba ɗaya ba ne, kuma masu bincike sun ƙera kyamarori na musamman, masu ganin hasken da ido ba ya riska, suna auna oksijin a fatar ƙafa ita kanta; sai dai ana kan jarraba su, kuma ba su ne a aljihunmu ba. 

Inda illar take, awon yatsa shaida ce a kan aikin huhu. Jijiyar da kitse ya ƙuntata, jinin da ke ratsa ta cike yake da oksijin, yawansa ne ya gaza. Saboda haka mutum na iya ganin 98 alhali ɗan yatsan ƙafarsa ya yi sanyi, ya fara baƙi. Hatta na'urar yatsa ta asibiti, binciken Jami'ar Michigan na 2020 ya nuna takan ɓoye ƙarancin oksijin a baƙar fata kusan ninki uku fiye da farar fata, balle manhajar waya.

Awon da likitoci suka dogara da shi shi ne a gwada ƙarfin bugun jini a idon sawu da damtse, a raba na farko da na biyu. In sakamakon ya faɗo 0.9 ko ƙasa, akwai cutar ƙuntatar jijiya. Mai shan taba, ko mai suga ko hawan jini, wanda sha-raɓarsa ke ciwo in ya yi tafiya ta kuma lafa in ya tsaya, ko mai gyambon da ya ƙi warkewa, wannan awon ne ya wajaba ya nema.